Arthur Ashe: Haƙuri Makami Ne Ko Ƙangi?

Ranar Juma'a 13 ga watan Fabrairu, 1976, rana ce da duk wanda ya karanta tarihin Nijeriya ya san ta. Da safiyar ranar ce Laftana Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka harbe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad a cikin motarsa a Legas. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a wannan makon ana tsakiyar wata babbar gasar ƙwararrun 'yan wasan tanis a birnin, kuma tauraron gasar shi ne Arthur Ashe, baƙar fatar Amurkan nan da ya ɗauki kofin Wimbledon wata bakwai kafin nan. Aka tsayar da wasa na 'yan kwanaki. Ranar Litinin 16 ga wata aka koma fili. Ashe yana karawa da ɗan ƙasarsu Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, ya ci turmin farko, an shiga na biyu, sai ga sojoji sun faɗo cikin fili suna faɗa, wai ƙasa na makoki su kuma suna wasa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora wa Ashe bakin bindiga a baya. Ashe ya ɗaga hannuwansa sama, ya taka ya bar filin. Ba a ƙarasa gasar a Legas ba, sai daga baya a birnin Caracas na ƙasar Venezuela, inda Dick Stockton ya doke shi a wasan ƙarshe.

Na fara da wannan labari ne saboda dalili biyu. Na farko, don mai karatu ya san cewa mutumin da za mu yi magana a kansa ya taka ƙasarmu, ba sau ɗaya ba ma, domin tun a 1970 ya zo Nijeriya da Gana tare da abokin wasansa Stan Smith suna koya wa yara tanis. Na biyu, wannan hoto na mutum yana tafiya da hannuwa a sama ya yi kama da yadda masu sukarsa suka daɗe suna kallonsa. A gaban bindiga kam kowa ma haka zai yi. Amma shi Ashe, kusan duk rayuwarsa 'yan uwansa baƙaƙen fata tambaya ɗaya suke yi masa: yaushe za ka sauke hannunka ka yi magana?

A yau an mayar da Ashe kamar waliyyi. Filin wasan tanis mafi girma a duniya, wanda ke birnin New York kuma yake ɗaukar 'yan kallo sama da 23,000, sunansa aka sa masa a 1997. Alhali idan ƙidayar kofuna za a bi, a cikin manyan gasa huɗu na duniya, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, kofi 3 kawai ya ci a wasan mutum ɗaya. Jimmy Connors ya ci 8, Bjorn Borg da Rod Laver kowa 11, Roger Federer 20, Rafael Nadal 22, Novak Djokovic 24. To, me ya sa shi? Amsar da aka saba bayarwa ita ce mutum ne mai haƙuri da ladabi. Ni a ganina wannan amsa ta rage masa daraja, kuma ta ɓoye kurakuransa. Abin da ya ɗaukaka Ashe shi ne ya iya gane ranar da dabararsa ta daina aiki, ya sake wata, a cikin fili da wajen fili. Sai dai a cikin fili ya yi hakan a dare ɗaya, a wajen fili kuwa sai da ya ɓata shekaru.

Inda aka koyo haƙurin

An haifi Arthur Ashe ranar 10 ga watan Yuli, 1943, a birnin Richmond na jihar Virginia, a kudancin Amurka, lokacin da doka ta raba makarantar baƙi da ta farare, ta raba wurin zama a mota, ta raba har filin wasa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1950 yana ɗan shekara 6. Mahaifinsa shi ne mai kula da wani dandalin wasanni na baƙaƙen fata da ake kira Brook Field, kuma a cikin dandalin gidansu yake, filin tanis na nan a ƙofar gida. Wani ɗalibin jami'a mai suna Ron Charity ne ya fara koya masa riƙe raket, wato faifan da ake buga ƙwallon da shi. Da ya kai shekara 10 sai aka kai shi wurin Dokta Robert Walter Johnson, wani likita a garin Lynchburg wanda ya gina fili a gidansa yana horar da yara baƙaƙe, kuma shi ne ya taimaka wa Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon a 1957.

Dokta Johnson yana da doka. A ƙananan gasanni babu alƙalin layi, 'yan wasa ne da kansu ke faɗin ko ƙwallo ta faɗa ciki ko ta fita. Sai ya umarci yaransa cewa duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi, ko da ta ɗan fita, su bar wa abokin karawa. Ba gardama, ba jefar da raket, ba ɓata fuska. Dalilinsa kuwa a fili yake: masu shirya gasa ƙiris suke jira su ce yaran baƙaƙe ba su da tarbiyya, su rufe ƙofar da aka ɗan buɗe. Kada kuma mu manta da zamanin. A 1955, Ashe na da shekara 12, aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a jihar Mississippi bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya.

Saboda haka natsuwar da duniya ta riƙa yabo a fuskar Ashe tana da asali. Sulke ce da aka ɗinka wa yaro don ya tsira, kuma ta yi aikinta: ya samu gurbin karatu a jami'ar UCLA, a 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka saka cikin tawagar Amurka ta gasar kofin Davis, a 1966 ya kammala digirinsa a fannin kasuwanci. Matsalar sulke ita ce, wanda ya girma a cikinta yakan manta ana cire ta.

Shekarar 1968

A shekarar 1968 aka buɗe manyan gasa ga kowa, masu wasa don sha'awa da masu wasa don kuɗi. Ashe, wanda a lokacin laftana ne a rundunar sojan Amurka, shi ya ci gasar Amurka ta farko a sabon tsarin. Ya doke Tom Okker na ƙasar Holan da ci 14-12, 5-7, 6-3, 3-6, 6-3. Ga wanda bai saba da lissafin ba, a wancan lokacin kowane turmi sai mutum ya ci wasa shida da tazarar biyu, kuma wanda ya fara cin turmi uku shi ne gwani. Abin dariya da takaici, kyautar dala 14,000 Okker aka ba, domin Ashe yana rajista a matsayin mai wasan sha'awa. Shi dala 20 ta guzuri yake karɓa a kullum.

Amma mu dubi abin da ke faruwa a wajen fili. A 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja ya tafi yaƙin Vietnam, aka ƙwace masa kambinsa, ya yi shekara uku da rabi ba ya dambe. A watan Afrilun 1968 aka harbe Martin Luther King. A watan Oktoba Tommie Smith da John Carlos suka ɗaga dunƙulallen hannu a wasannin Olamfik na Meziko, aka kore su. Shi kuwa Ashe yana sanye da kakin soja, ƙanensa Johnnie ma ya sake komawa Vietnam karo na biyu don kada a tura yayansa. Gaskiya ne a farkon shekarar ya yi jawabi a wata majami'a a Washington kan nauyin da ke wuyan ɗan wasa baƙar fata, har manyansa na soja suka ja masa kunne. Amma duk tsawon shekarun da takwarorinsa ɗalibai suke shan duka da ɗauri a kudancin Amurka don neman 'yanci, shi yana fili.

Masu kare shi sukan ce ai kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma shi kaɗai ne baƙi a cikin wasan farare, in ya faɗi babu na biyu. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai shi da kansa bai fake da ita ba. A littafin tarihin rayuwarsa na ƙarshe, Days of Grace, wanda ya rubuta tare da Arnold Rampersad aka buga a 1993, ya amsa cewa yana jin kunyar rashin shigarsa wannan gwagwarmaya. Tunda mai abu ya amsa laifinsa, bai kamata mu masu yabo mu wanke shi da ƙarfi da yaji ba.

Ɗan wasan da bai yi kama da halinsa ba

Wani abin mamaki game da Ashe shi ne wasansa kishiyar halinsa ne. Mutum mai sanyi, amma in ya shiga fili sai ya zama ɗan caca. Bugunsa na fara wasa, wanda 'yan wasa ke kira sabis, yana cikin mafi ƙarfi a zamaninsa, bugunsa na bayan hannu kuma kamar bulala. Ba ya son doguwar musayar ƙwallo. So yake ya kashe magana da bugu ɗaya, ko ta shiga ko ta fita. Marubuci John McPhee ya rubuta littafi sukutum, Levels of the Game, a 1969, a kan wasa ɗaya tak da Ashe ya yi da Clark Graebner a gasar 1968, inda ya nuna yadda tarbiyyar kowannensu ke fitowa a bugunsa. Ni abin da na fahimta shi ne, duk fushin da aka hana yaron nan nunawa da baki, ƙwallo ce ta riƙa ɗaukarsa.

Irin wannan wasa yana da daɗin kallo, amma ba ya tara kofuna. Ya faɗi a wasan ƙarshe na Ostireliya a hannun Roy Emerson a 1966 da 1967, da hannun Ken Rosewall a 1971. Wanda ya ci a 1970, da ya doke Dick Crealy, an yi shi ne manyan 'yan wasa da dama, har da Laver da Rosewall, ba su halarta ba. A 1972 yana gaba a wasan ƙarshe na Amurka ya bari Ilie Nastase ya ƙwace a turmi na biyar. A filin jar ƙasa na Faransa, inda juriya ke aiki fiye da ƙarfi, bai taɓa wuce zagayen 'yan takwas ba. Rod Laver kuwa ya doke shi fiye da sau goma a jere. Zuwa ƙarshen 1974, yana ɗan shekara 31, masana da yawa sun riga sun yanke hukunci cewa gwani ne, amma zamaninsa ya wuce.

Tafiyar Afirka ta Kudu

A wajen fili kuma ya zaɓi inda zai sa ƙarfinsa, wato Afirka ta Kudu. Ya nemi bizar zuwa gasar ƙasar a 1969, gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi, ta sake hana shi a 1970. Wannan hani ya taimaka aka dakatar da ƙasar daga gasar kofin Davis a 1970. Har zuwa nan babu abin suka. A watan Nuwamban 1973 sai gwamnatin ta ba shi biza. Ya sa sharaɗi cewa ba za a raba wurin zaman 'yan kallo ba, ya tafi, ya yi wasa a filin Ellis Park na Johannesburg, ya kai wasan ƙarshe Connors ya doke shi, shi da Okker kuma suka ci kofin 'yan bibbiyu. Ya shiga Soweto ya koya wa yara wasa.

Tunaninsa shi ne gani ya kori ji: idan farare suka ga baƙar fata mai ilmi yana doke su a wasansu, idan yaran Soweto suka ga baƙin da ba ya sunkuyar da kai, wani abu zai motsa. Kuma ba a ce bai motsa ba. Mark Mathabane, wanda ya tashi a unguwar Alexandra, ya ba da labari a littafinsa Kaffir Boy na 1986 yadda ganin Ashe ya buɗe masa ido. Amma wasu 'yan gwagwarmaya da 'yan jarida baƙaƙe sun faɗa masa a gaban idonsa cewa zuwansa gwamnati ya amfana, domin abin da take nema ke nan, hoton da za ta nuna wa duniya ta ce ga shi muna canzawa.

A nan ina tare da masu sukar. Dubi abin da wasu suka sadaukar a daidai wannan lokaci. A 1974 Indiya ta kai wasan ƙarshe na kofin Davis, ta ƙi karawa da Afirka ta Kudu, ta gwammace ta rasa kofin da ba ta taɓa ci ba. A wannan shekarar Ashe ya sake komawa Johannesburg. A watan Yunin 1976 'yan sanda suka buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto, wata guda bayan haka ƙasashen Afirka sama da ashirin, har da Nijeriya, suka janye daga wasannin Olamfik na Montreal, 'yan wasan da suka yi shekara huɗu suna shiri suka kwashe kayansu suka koma gida. Kuskuren Ashe shi ne ya ɗauki dokar Dokta Johnson, wadda aka yi don yaro ɗaya ya samu shiga gasa, ya gwada ta a kan gwamnati mai bindiga. Ladabi yana kunyata mai kunya ne kawai.

Ranar da ya ajiye ƙarfi

Yanzu mu koma fili, ranar Asabar 5 ga watan Yuli, 1975, wasan ƙarshe na Wimbledon. Duk wanda yake son ya san Ashe, to ya nemi hoton wannan wasa ya kalla.

Jimmy Connors yana da shekara 22, shi ne na ɗaya a duniya, shi ke riƙe da kofin. A 1974 ya ci uku daga cikin manyan gasa huɗu, kuma a wasan ƙarshe na Amurka ya yi wa Rosewall 6-1, 6-0, 6-1. A wannan gasa ta 1975 ko turmi ɗaya bai rasa ba har ya iso wasan ƙarshe. A wasan kusa da na ƙarshe ya yi kaca-kaca da Roscoe Tanner, mai sabis kamar harsashi. Ashe kuwa saura kwana biyar ya cika 32, kuma bai taɓa doke Connors ba. Ga kuma gaba a tsakaninsu: Ashe ne shugaban ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta ATP, wadda Connors ya ƙi shiga, kuma Connors ya kai shi ƙara kotu yana neman diyyar miliyoyin daloli saboda ya soki ƙin buga wa Amurka kofin Davis da ya yi. Ashe ya shigo fili sanye da rigar tawagar Amurka. Bai ce komai ba, rigar ta yi magana.

Sirrin Connors shi ne da ƙarfin abokin karawa yake cin abinci. In ka buga masa da ƙarfi, ƙwallon za ta dawo maka da ƙarfin da ya fi naka. Ashe da abokansa, irin su Donald Dell da Dennis Ralston, suka zauna kafin wasan suka tsara abin da za a yi. Na farko, tunda Connors bahago ne kuma da hannu biyu yake bugun bayan hannu, a riƙa yi masa sabis mai lanƙwasa da zai ja shi can wajen fili, inda hannu biyu ba ya kaiwa. Na biyu, a riƙa ba shi ƙwallo mai taushi, ƙasa-ƙasa, a ɓangaren gaban hannunsa, domin bugunsa a miƙe yake, in ƙwallo ta yi ƙasa da raga sai ya rasa yadda zai ɗaga ta. Na uku, in ya matso kusa da raga, a cilla ƙwallo sama ta wuce kansa.

Faɗar wannan ya fi yin sa sauƙi. Ana nufin mutumin da ya shekara ashirin yana cin abinci da ƙarfi ya ajiye ƙarfin a rana mafi girma a rayuwarsa, a gaban duniya, ya yi wasan da bai saba ba. In abin ya ƙi, dariya za a yi masa. Cikin ƙasa da awa ɗaya ya ci turmi biyu, 6-1, 6-1, Connors yana ta dukan raga kamar wanda aka yi wa asiri. A lokacin hutu sai Ashe ya zauna ya rufe ido, ba motsi. Connors ya farfaɗo ya ci turmi na uku 7-5, ya kuma wuce gaba da 3-0 a na huɗu. A nan ne jarrabawar take, domin duk ɗan wasan da ya ga ruwa ya fara cin sa yakan koma ga abin da ya saba. Ashe bai koma ba. Ya ci gaba da ba shi ƙwallo mai sanyi, ya ci wasa shida cikin bakwai da suka rage, ya rufe da 6-4.

Mutane sukan kwatanta wannan wasa da damben Ali da George Foreman a Kinshasa a watan Oktoban 1974, inda babba ya bar yaro ya gajiyar da kansa. Kwatancen ya yi. Abin da zan ƙara shi ne, a wannan rana ce haƙurin Ashe ya tashi daga sulke ya zama makami. Na Lynchburg haƙurin dole ne, na bar wa wani abin da yake naka. Na Wimbledon kuwa zaɓi ne, an auna abokin gaba, an gano inda yake da rauni, an jure har dabara ta nuna. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba su ce ya zauna yana kallon dutsen ba. Sai ya hura wuta. Har yau Ashe ne kaɗai baƙar fata namiji da ya ci Wimbledon, ko gasar Amurka, ko ta Ostireliya, a wasan mutum ɗaya.

Da kiɗa ya canza

Abin da ya sa nake girmama mutumin nan duk da sukar da na yi masa shi ne, darasin da ya nuna a fili ya zo ya yi aiki da shi a waje. A 1977, bayan ziyararsa ta ƙarshe a wancan zamani, ya fito ya ce ya yi kuskure da ya yi wasa a Afirka ta Kudu, ya goyi bayan a ƙaurace mata. A 1983 shi da mawaƙi Harry Belafonte suka jagoranci kafa ƙungiyar masu fasaha da 'yan wasa masu adawa da wariyar launin fata. A watan Janairun 1985 'yan sanda suka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington, alhali yana riƙe da muƙamin kyaftin ɗin tawagar Amurka ta kofin Davis. Yaron da aka hana ɓata fuska ga shi da ankwa a hannu. Manya nawa muka sani da za su tsaya a bainar jama'a su ce hanyar da na bi shekara da shekaru ba daidai ba ce?

Ba a nan kaɗai ya makara ba. Lokacin da Billie Jean King da 'yan uwanta mata suka tashi neman a daidaita kuɗin kyauta a farkon shekarun 1970, Ashe yana cikin mazan da ba su goyi baya ba, abin mamaki ga wanda ya san ɗacin a ce masa ba ka kai ba. Daga baya ya sassauto. Haka nan zamansa da John McEnroe, wanda suka ci kofin Davis tare a 1981 da 1982: ya sha jin haushin zage-zagen McEnroe a fili, amma ya amsa a littafinsa cewa wani ɓangare na zuciyarsa yana ganin yaron yana fitar da fushin da shi ba a taɓa ba shi damar fitarwa ba.

Akwai kuma abin da ya bar wa Afirka, mai daɗi da ɗaci. A 1971 a birnin Yawunde na Kamaru ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo, ya kira Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa ya ba shi labari. Aka kai yaron birnin Nice. Shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. Abin alfahari ne, amma kofin Faransa aka rubuta wa. Wannan ba laifin Ashe ba ne; tambaya ce da ta rage a kan ƙasashen da ba su gina wurin da irin wannan yaro zai girma a gida ba, kuma mu da muke karatu a ƙasashen mutane mun san nauyinta.

Ƙarshen tafiya

A watan Yulin 1979 ciwon zuciya ya buge shi yana ɗan shekara 36. Aka yi masa tiyata a ƙarshen shekarar, ya yi ritaya a 1980. A 1983 aka sake yi masa wata tiyatar, aka yi masa ƙarin jini, kuma ta nan likitoci suka ce ya ɗauki ƙwayar cutar ƙanjamau, domin sai a 1985 aka fara tantance jini a Amurka. Ya gano yana da cutar a 1988, shekarar da ya fitar da A Hard Road to Glory, tarihin 'yan wasa baƙaƙen fatar Amurka mai juzu'i uku, aikin da ya ci masa shekaru da kuɗin aljihunsa. Ya ɓoye ciwon fiye da shekara uku don ya kare iyalinsa, har sai da jaridar USA Today ta samu labari ta tuntuɓe shi, ya fito ya sanar da kansa ranar 8 ga watan Afrilu, 1992. Wasu sun ce da ya faɗa tun da wuri da ya taimaki masu cutar. A wannan kam ina bayansa. Ciwon mutum sirrinsa ne, kuma jarida ba ta da hurumin zaɓa masa rana.

Abin lura shi ne yadda ya yi da wata goma da suka rage masa. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar. A watan Satumba aka sake kama shi a gaban fadar White House yana zanga-zanga kan yadda ake mayar da 'yan gudun hijirar Haiti. Ranar 1 ga Disamba ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1993, yana da shekara 49. A cikin littafinsa na ƙarshe ya ce nauyin zama baƙar fata a Amurka ya fi masa nauyin cutar da ke kashe shi. Wanda ya yi wannan magana ba mutum ne da abin bai dame shi ba. Ya daɗe yana haɗiyewa ne.

To, haƙuri makami ne ko ƙangi? Rayuwar Ashe ta nuna yana iya zama kowanne, kuma fuska ba ta bambanta su. Mai haƙurin tsoro da mai haƙurin dabara duk shiru suke yi. Bambancin shi ne na biyun ya san abin da yake jira, ya san ranar da zai daina. A matsayin ɗan wasa, Ashe bai kai Laver ko Borg ba, kuma ba a yi masa adalci in aka ce ya kai. A matsayin ɗan gwagwarmaya, Ali ya riga shi, ya kuma fi shi hasara. Amma a cikinsu babu wanda ya bar mana misali ƙarara kamar nasa na mutum mai sake duba hanyarsa yana tsakiyar tafiya.

A 1996 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Monument Avenue na Richmond, bayan doguwar gardama, a jere da na shugabannin kudu da suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da kakanninsa. Tsakanin 2020 da 2021 aka sauke nasu duka, nasa ya rage. Yana tsaye yara na kewaye da shi, hannuwansa biyu a sama kamar ranar nan ta Legas, sai dai wannan karon ɗaya na riƙe da raket, ɗaya na riƙe da littattafai, kuma na littattafan ya fi tsawo.